Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Yadda Gara Ta Sa Muka Buɗe Kundin Darussa na Haɗin Gwiwa

A makon jiya na tsaya ne a kan rufe makarantu da aka yi a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, da yadda muka watse ba tare da kowa ya kwashe kayansa daga ɗakin malamai ba, domin zatonmu hutun ba zai wuce mako biyu ko uku ba. Ba mu sake taka makarantar ba sai a watan Agusta, lokacin da aka kira ɗaliban ajin ƙarshe domin jarrabawar WAEC da aka fara ranar 17 ga watan. Ranar da na buɗe kabad ɗina na katako, abin da na gani ya sanyaya mini jiki. Rufin ɗakin ya yi yoyo tun farkon damina, gara kuma ta bi danshin ta shiga littattafaina na shirin darasi, waɗanda na tara cikin shekara goma sha ɗaya ina koyar da ilmin halittu. Na ɗaga na sama, sai bangon ya biyo hannuna, cikin kuwa ya zama ƙasa.

Ni kaɗai na yi asara mai yawa, amma abin ya girgiza mu huɗun da ke sashen. Ƙaramarmu, wata malama da ba ta daɗe da gama bautar ƙasa ba, ita ce ta kawo shawarar mu buɗe kundi guda a manhajar OneNote ta kamfanin Microsoft, wanda kowannenmu zai iya shiga daga wayarsa ya karanta, ya kuma rubuta. Akwai nau'insa da aka tsara domin aji, mai ware wa kowane ɗalibi ɓangarensa, sai dai yana buƙatar makaranta ta mallaki asusun kanta, mu kuwa ba mu da shi, kuma mafi yawan ɗalibanmu ba su da waya. Saboda haka muka buɗe na gama-gari, muka ajiye shi a OneDrive, wato ma'ajiyar Microsoft da ke kan intanet, inda ake ba kowane asusu wurin ajiya na gigabait 5 kyauta.

Mun tsara shi yadda shekarar karatu take: kowane aji daga SS1 zuwa SS3 da rukuninsa, kowane zango da sashensa, kowane mako da shafinsa. A shafin mako ake zuba shirin darasi, da zanen da za a kwafa a allo, da tambayoyin gwaji, a ƙasa kuma mu bar wuri domin wanda ya koyar ya rubuta inda ɗalibai suka kakare. Wannan wuri na ƙasa, da muka ƙara kamar da wasa, shi ya fi komai amfani daga baya, domin a nan ne na karanta cewa abokin aikina yana shiga aji da ganyen zogale da na masara idan zai bambanta jijiyoyin ganye, alhali ni na shekara da shekaru ina zana su da alli, yara suna kallona kawai.

Abin da ya sa manhajar ta zauna da mu shi ne tana aiki ko babu intanet. Mutum zai yi rubutunsa da dare a gida, idan ya samu sabis sai ta haɗa abin da ya rubuta da na sauran. Hotuna ne ke cinye data, don haka muka yi doka cewa ba a ɗora hoto sai zanen da ba zai rubutu ba. Kada kuma mai karatu ya ɗauka mun rabu da biro: mataimakin shugaban makaranta bai fasa karɓar shirin darasi na hannu kowace Litinin yana sa hannu da jan biro ba, kuma wannan shiri na hannu masu duba makarantu suke tambaya idan sun zo. Aikin ya zama biyu, kuma na yi gunaguni a kan haka ba sau ɗaya ba.

Amma wahalar gaske ba ta waya ba ce. Dattijon sashenmu, wanda muke kira Baba Malam, ya ƙi shiga ƙememe. Yana da wasu manyan littattafai uku masu baƙin bango da yake zuwa da su cikin jaka ya koma da su, shi ya sa gara ba ta same su ba, kuma duk makarantar an san babu mai bayanin gadon halitta kamarsa. Wata rana bayan sallar azahar na same shi a gindin darbejiya, na durƙusa na ce, "Baba Malam, a taimaka mana da littattafan nan mu ɗauki hotonsu, ko don yaran da za su zo bayanmu." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ɗana, ba rowa nake yi ba. Malamin da bai sha wahalar rubuta darasinsa ba, karanta wa yara zai yi, ba koyarwa ba."

Na ji haushin maganar a lokacin, amma ba a yi wata biyu ba na ga gaskiyarta da idona. Wani malami da aka turo mana ya shiga aji da wayarsa, ya karanta shafin da na rubuta kalma bayan kalma, har da kuskuren da na yi a sunan wata jijiyar zuciya, ɗalibai kuma suka kwafe shi a haka. Daga ranar muka ƙara sharaɗi: duk wanda ya yi amfani da shafin wani, dole ya bar gyara ko ƙari a kansa. Gane wanda ya cika sharaɗin ba shi da wuya, tun da manhajar tana nuna haruffan farko na sunan wanda ya taɓa kowane sakin layi.

Akwai kuma ranar da na wayi gari na tarar sashen zango na biyu na SS2 ya ɓace ɗungurungum, ana saura mako guda a fara jarrabawa. Ɗan wani daga cikinmu ne ya yi wasa da wayar mahaifinsa. Sai da gumi ya karyo mini, na tuna kabad ɗin nan, kafin malamar ta buɗe kwamfutarta ta nuna mini kwandon shara na kundin, inda abin da aka goge yake zama har kwana 60, ta maido da shi cikin minti biyu. Baba Malam yana zaune yana kallon duk abin da ya faru, bai ce uffan ba.

Da ya rage wata uku ya yi ritaya, wata safiya ya ajiye jakar a kan teburina, ya ce, "Ku ɗauka, amma da sharaɗi: hoto kawai ban yarda ba, sai kun zauna kun sake rubuta su da hannunku a cikin abin naku, kuna tambayata inda ba ku gane ba." Mun yi mako bakwai muna wannan aiki bayan an tashi, shi a kan kujera yana gyara mana, mu muna latsa waya. A gefen wani shafi na littafi na biyu na ci karo da rubutunsa da fensir, inda ya lissafa sunayen wake da gero iri-iri na yankinmu da yake misali da su, a ƙasa kuma ya rubuta sunan manomin da ya koya masa su. Labarin ziyarar da muka kai ƙauyen wannan manomi tare da ɗaliban SS3 shi zan kawo a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.