Inda 'Yan Suwidin da 'Yan Birtaniya Ke Ajiye Zumuncinsu

Duk wanda ya zauna a ƙasashen nan biyu, tambayar da aka fi yi masa ita ce su wa suka fi son mutane. Amsar da ke bakin kowa kuwa ita ce Turawan Ingila masu fara'a ne, 'yan Suwidin kuma miskilai. Na yi karatun digiri na biyu a birnin Uppsala na Suwidin, na yi aiki a ɗakin gwajin ƙasar noma a can, daga baya aiki ya kai ni Leeds a arewacin Ingila, kuma har yau wannan amsa ba ta gamsar da ni ba. Tana auna mutane ne da mintunan farko na haɗuwa, alhali abokin aiki ba a mintunan farko ake saninsa ba.

Gaskiya ne farkon zama a Suwidin yana da ciwo ga wanda ya tashi a inda gaisuwa ke bi ta kan kwana da gajiya da iyali da aiki kafin a shiga magana. Abokin aikinka zai haɗu da kai da safe, ya jefo maka gaisuwa ta kalma ɗaya, bai ko rage sauri ba. A tashar bas mutane kan tsaya nesa da juna, a cikin motar ma ba mai zama kusa da kai muddin akwai wata kujera da ba kowa. A kantin magani da banki akwai na'urar da ke ba ka lamba, ka zauna har a nuna taka, ba sai ka tambayi kowa waye na ƙarshe ba. Ɗakin wankin gidan haya ma a allo ake kama lokacinsa. An tsara rayuwa yadda mutum zai wuni bai nemi alfarmar kowa ba.

Wasu kan ɗora abin a kan sanyi da duhun hunturu, wasu a kan faɗin ƙasa. Suwidin ta kai murabba'in kilomita 450,000 da mutane kimanin miliyan 10 da rabi, Birtaniya kuwa da kaɗan ta wuce rabin wannan fili amma mutanenta sun haura miliyan 65. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai bayanin da ya fi zauna mini shi ne na Henrik Berggren da Lars Trägårdh, masana tarihi 'yan ƙasar, a littafin da suka fitar a 2006. Su suna ganin 'yan Suwidin sun ɗora wa hukuma nauyin da a wasu wurare dangi ke ɗauka, domin kada kowa ya rayu a ƙarƙashin alfarmar wani. Tun 1971 miji da mata kowa harajinsa daban. Tallafin karatun jami'a ba a duba aljihun iyaye kafin a ba ɗalibi. Ƙauna ta gaskiya a wurinsu ita ce wadda ke tsakanin mutanen da babu mai bin wani bashi.

Na ga wannan da idona a kan kofin gahawa. Ka biya wa abokin aiki nasa, kafin ku kai kan tebur wayarka ta yi ƙara, ya turo maka kuɗin ta Swish, manhajar da bankunansu suka ƙirƙiro a 2012. A wurinmu wannan kamar ƙin karɓar alheri ne. Shi kuwa a ganinsa ya sauke wa kansa nauyi ne, domin ku zauna ku yi hira kafaɗa da kafaɗa. Sai da na daɗe ina kallo kafin zuciyata ta daina sosuwa da abin.

Inda zumuncin nasu yake shi ne fika, wato zaman shan gahawa da ake yi a wurin aiki da hantsi, a sake yi bayan azahar. Ba a ɗauki kofi a koma gaban kwamfuta ba. Kowa yana fitowa, daga farfesa har mai kula da kayan gwaji, a zauna teburi ɗaya, ranar Juma'a kuma wanda juyi ya zo kansa ya kawo burodi mai kirfa ko kek. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shirun da kan ratsa hirar. Wani zai gama magana, a yi tsit, kowa na juya cokali a kofi, babu wanda ya damu. Ba a katse mai magana, ba a ɗaga murya, kuma wanda ya cika faɗin nasarorinsa zai ga an yi masa shiru irin wanda ya fi tsawa. A wannan teburi ake dafa yawancin shawarwarin da za a kai taro. Wanda ya ce aiki ya yi masa yawa ba zai fito ba, shi ne zai shiga taro ya tarar an riga an daidaita.

A nan ne kuma ɗalibi ke kiran farfesa da sunansa na yanka, abin da ya daɗe yana yi mini nauyi a baki. Ba haka suke tun asali ba. A 1967 ne Bror Rexed, da aka naɗa shi shugaban hukumar lafiya ta ƙasa, ya gaya wa ma'aikatansa cewa zai riƙa yi wa kowa magana ba tare da laƙabi ba, su ma su yi masa haka, kuma cikin 'yan shekaru al'adar ta game ƙasar.

Bayan ofis, ƙofar shiga wurin ɗan Suwidin ita ce ƙungiya: ta wasanni, ta waƙa, ta masu lambu, ko da'irar karatu irin wadda Oscar Olsson ya fara a Lund a 1902. Ba ya iya abota a kan hira kawai, sai an sami abin da ake yi tare a rana sananniya da lokaci sananne. Ni ta ƙwallon ƙafa na shiga. Idan kuma ya gayyace ka gida, zai buɗe kalanda ya ba ka ranar da ke makonni a gaba, ka zo a kan minti, ka cire takalmi a bakin ƙofa. Amma abin da ya faɗa shi ne abin da yake nufi. Lokacin da zan sauya gida na ambata a wurin fika, wani abokin aiki da bai taɓa tambayata labarin iyalina ba ya ce, ranar Asabar ƙarfe tara. Ƙarfe tara yana ƙofar gida da tirela a bayan motarsa, ƙanƙara na zuba, ya yi ta ɗaukar kwalaye har muka gama, bai tsaya jiran godiya ba.

Leeds kuwa tun ranar farko ta karɓe ni da baki. Fasinja kan yi wa direban bas godiya idan zai sauka, mai kanti ta kira ka da sunan ƙauna irin na mutanen Yorkshire, yankin da Leeds take, ko da ba ta taɓa ganinka ba, wanda ka taka wa ƙafa shi zai riga ka ba da haƙuri. Maganar yanayi ba ta ƙarewa. Kate Fox, masaniyar halayyar al'umma, ta rubuta a 2004 cewa wannan magana gaisuwa ce, kuma ƙa'idarta ita ce ka yarda da abin da aka faɗa. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin wanda aka ce wa "ya sanyi?" ya san amsar ita ce "lokacinsa ne", ko da shi zafi yake ji. A ofis duk wanda ya tashi haɗa shayi zai tambayi sauran, kuma ana sa ran ka riƙe wa ke son madara, wa ba ya shan sukari. Ranar da suka fara tsokanarka, ranar ka zama nasu.

Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai, kuma ba na raina shi. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, musamman ga baƙon da ya fito daga dogon hunturu. Amma fara'ar tana da iyakar da ba a gani. "Lallai sai ka zo mun ci abinci wata rana" hanya ce ta rufe hira cikin mutunci, in ba a ambaci rana ba to babu gayyata. Akwai waɗanda muka yi shekaru muna dariya tare ban san launin ƙofar gidansu ba. A wajen aiki kuma abin ya fi muhimmanci. Idan shugaba ya karanta rahotonka ya ce yana da 'yan ƙananan shawarwari, shirya sake rubutu. Idan ya ce ra'ayinka yana da ban sha'awa, sau da yawa bai karɓa ba. Wasu 'yan uwanmu kan kira wannan munafunci, ni ban ga haka ba. Kara ce, gudun kada a kunyata mutum a gaban jama'a, kuma su a tsakaninsu kowa ya san fassarar. Baƙo ne kaɗai ke wahala. Akwai kuma batun aji, wanda ba su cika faɗa ba amma kunnensu na kansa: daga lafazin mutum suna gane garinsu da irin makarantar da ya yi, kuma hirar tana sauyawa daidai da haka.

Babban abin da ya raba ƙasashen biyu a wurina shi ne wurin da zumuncin aiki ke faruwa. A Ingila mashaya ce, ranar Juma'a bayan an tashi, inda kowa ke saya wa sauran abin sha bi da bi. A nan ake jin wane aiki ke tafe, wa zai bar ofis, wace kujera za ta buɗe. Musulmin da ba ya sha yana tsakanin abu biyu: ya je ya riƙe lemo a wurin da zuciyarsa ba ta kwanta ba, ko ya tafi gida labari ya wuce shi. Haka ma mai ƙananan yara. 'Yan Suwidin su ma suna sha, amma barasa mai ƙarfi galibi a kantunan gwamnati na Systembolaget ake sayar da ita ta kai gida, tsarin da ke nan tun 1955, sai wanda ya kai shekara 20, kuma ba sa buɗewa ranar Lahadi. Zumuncin ofis da rana ake yinsa, a kan gahawa, a cikin lokacin aiki, domin da la'asar iyaye maza da mata sun tafi ɗauko yara. Ƙasar da ke ba iyaye hutun haihuwa na kwana 480 ba za ta gina ci gaban ma'aikaci a kan zaman dare ba. Don haka a kan titi Ingila ta fi tausaya wa baƙo, amma a wurin aiki tsarin Suwidin ya fi yi masa adalci, kuma wannan na biyun shi ya fi shafar abincinsa.

Ba kuma duka aka taru aka zama ɗaya ba. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan shirunsa bai gaza na Stockholm ba, Glasgow da Liverpool da Newcastle kuwa wata duniya ce wajen fara'a, kamar yadda aka san mutanen Gothenburg da barkwanci a cikin 'yan Suwidin.

Akwai abin da ban iya haɗiyewa ba a duka wuraren. A 2022 aka yi ta cece-kuce a duniya kan cewa wasu gidajen Suwidin kan bar abokin ɗansu a ɗaki su je su ci abincin dare. Da na tambayi tsofaffin abokan aikina, wasu sun ce sun taɓa gani suna yara, dalilin kuma shi ne kada a ɓata wa uwar yaron shirin girkinta, kada kuma a ɗora mata bashin ramawa. Na fahimci dalilin, amma wanda aka raina da baƙonka annabinka ba zai ga yaro na jira ana cin abinci ya ce daidai ne ba. Kimanin gida 4 cikin 10 a ƙasar mutum ɗaya ne a ciki. Birtaniya mai yawan hira kuwa ita ce a 2018 ta naɗa ministar da za ta kula da matsalar kaɗaici, Tracey Crouch, bisa aikin da 'yar majalisa Jo Cox ta faro kafin a kashe ta a 2016, kuma yankin da Jo Cox ta wakilta, Batley da Spen, ba shi da nisa da inda nake zaune. A ƙasashen biyu babu inda za ka ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci haka kawai don ka gaishe shi ba tare da ya ɗauka wani abu ya faru ba.

Amfanin duk wannan ya fito mini fili ne lokacin da ofishinmu na Leeds ya shiga wani aikin haɗin gwiwa da masu bincike daga Suwidin. Su za su kawo shawara, namu su ce abin da ban sha'awa, za mu duba. Sai su rubuta an amince, su sa a jadawali. Namu za su kawo tasu, sai ɗaya ɓangaren ya yi tsit yana tunani, ko ya ce sai ya koma ya ji ta bakin sauran abokan aikinsa, namu su fito suna cewa an ƙi. Kowane ɓangare yana gudun rigima ne, amma hanyar gudun ta bambanta, har aka fara zargin juna da rashin cika alkawari. Da yake na ci abincin gidajen biyu, sai na nemi a yi abu biyu. Na farko, a bar mintuna kaɗan a farkon kowane taro don hirar yanayi da hutun ƙarshen mako, saboda namu ba sa sakin jiki sai da ita. Na biyu, kafin a tashi a karanta abin da aka amince da shi a fili, wa zai yi me, zuwa wace rana, abin da ba a yarda da shi ba kuma a rubuta cewa ba a yarda ba. Namu sun ji nauyin wannan na biyun da farko, 'yan Suwidin kuma sun sa hirar farkon taron a cikin ajanda da adadin mintunanta, kuma da haka muka ci gaba har aikin ya kammala.