Ciwon ɓarin kai: darussan da aiki ya koya mana game da maganinsa

Yawancin masu ciwon ɓarin kai da ke zuwa likita a Damagaram sun riga sun sha magani, amma a makare kuma kaɗan. Mutum ya daure tun hantsi, sai la'asar ya haɗiye ƙwayar paracetamol ɗaya mai miligiram 500, ya ce magani bai yi ba. Wannan ciwo, wanda a farmasi ake kira migiren, yana ɗaukar awa 4 zuwa 72 in ba a tare shi ba. Da ya kama, ciki yakan yi nauyi, ya riƙe abin da aka haɗiya, ƙwayar da aka sha a makare ba ta isa jini da wuri.

Shi ya sa ake so a sha da zarar kan ya fara sara, kuma cikakken awo. Ga babba, aspirin miligiram 900 zuwa 1000, ko ibuprofen 400 zuwa 600, ko paracetamol 1000, wanda shi ne mafi rauni cikinsu. In da tashin zuciya, a haɗa da metoclopramide miligiram 10, yana tsayar da amai yana kuma motsa ciki. Sai dai yana da nasa sharri: ga matasa yakan murɗe wuya ko ya kafe idanu sama, har gida su ɗauka iska ce. Kada a wuce kwana 5 ana shan sa.

Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya nisanci aspirin da ibuprofen, kuma a zafin Afrilu da Mayu kada a sha su jiki ba ruwa. Yaro ƙasa da shekara 16 ba a ba shi aspirin. Mai juna biyu ta tsaya ga paracetamol, ergotamine kuwa, wani tsohon maganin migiren, haramun ne gare ta.

In waɗannan sun kasa a tashi biyu ko uku, sai sumatriptan, miligiram 50 zuwa 100. Ba a shan sa lokacin da ido ke walƙiya kafin ciwon, sai kan ya fara. In ya lafa ya dawo, ana iya ƙara ɗaya bayan awa 2, amma in na farko bai taɓa ciwon ba, na biyu ɓarnar kuɗi ce, ga shi ba araha ba. Yana tsuke jijiyoyin jini, don haka mai ciwon zuciya, da wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, da mai hawan jinin da bai daidaita ba, ba nasu ba ne. Ba a kuma haɗa shi da ergotamine cikin awa 24.

Darasin da ya fi wuyar shiga kunne shi ne maganin kansa yana haifar da ciwon kai. Wanda ke shan paracetamol ko ibuprofen kwana 15 a wata, ko sumatriptan, kodin, taramol da ƙwayoyin haɗi masu kafeyin kwana 10, har fiye da wata 3, kansa kan koma ciwo kullum. Taramol ɗin masu tallar magani a tire yana cikin waɗanda suka fi saurin jefa mutum a wannan rami, kuma bai ma fi aspirin aiki a kan migiren ba. Tambayar da ke tona asiri ita ce: "Hajiya, kwana nawa a wata kike shan ƙwaya?" A sa alama a kalanda, a tsaya ga kwana 2 a mako. Wanda ya wuce haka maganin rigakafi yake buƙata, irin propranolol ko amitriptyline, da takardar likita.

Kuma nan ƙasar sanƙarau ce da zazzaɓin cizon sauro. Ciwon kai da zazzaɓi ko sanƙarewar wuya, ko wanda ya faɗo farat ɗaya kamar an buga guduma, ko na mai ciki da kumburi da gani dishi-dishi, ba a gwada masa ƙwaya a gida. A wuce likita a ranar, ko da dare ne.