Asabar, ranar auna fuska

Aikin yau zanen fuskata ne daga madubi, da hoton Baba da na Mama a gefe don kwatantawa. Madubin yana jingine kusa da taga, hasken hantsi yana faɗowa ta hagu, daga sama kaɗan. Fitilar ɗaki a kashe, domin idan haske ya zo ta wuri biyu inuwa takan rikice, fuska ta fito a baje, ba tudu ba kwari. Alamar cewa zaman ya yi daidai ita ce ɗan haske mai kusurwa uku da ke bayyana ƙarƙashin ido a kuncin da ke cikin inuwa. Masu zane suna danganta wannan haske da Rembrandt, mutumin Holan da ya yi ta zana kansa tun yana saurayi har shekarar rasuwarsa, 1669.

Kayan aikin ba su da yawa: takarda A3 mai kauri, fensir 2H na layukan farko, 2B na inuwa, 6B na wuraren da suka fi duhu, sai magogi mai laushi wanda ake murzawa da yatsa a fitar masa da tsini. Na manna salatif biyu a jikin madubin, ɗaya a saitin tsakar ka, ɗaya a saitin haɓa. Duk sanda aka duƙa kan takarda aka ɗago, kai ya riga ya gusa, to waɗannan alamun ne ke mayar da shi wurinsa. Wajen awo kuma, a miƙe hannu sosai da fensir, a rufe ido ɗaya. Gwiwar hannu na lanƙwashewa awo ya tashi aiki.

Ka'idar da ake koya wa kowa ita ce idanu suna tsakiyar kai, tsakanin tsakar ka da haɓa. Masu koyo sukan kai su sama su cinye goshi, saboda hankali ya fi karkata ga ido da baki. Tsakanin ido da ido faɗin ido ɗaya ne. Ƙasan hanci yana rabin tazarar gira zuwa haɓa, kunne kuwa daga saitin gira yake farawa ya ƙare a saitin ƙasan hanci. Amma wannan awon fuskar kowa ce, ba ta wani takamaiman mutum ba. Amfaninsa a shata shi da 2H a hankali, sannan a duba inda fuskar da ke madubi ta saɓa masa. A wurin saɓanin nan kamannin mutum suke, kuma a nan danginsa suke.

Nan ne na fi daɗewa yau. Hotunan iyaye sai an daidaita girmansu da na zanen kafin kwatancin ya yi ma'ana, kuma abin da ya fi aminci a daidaita da shi shi ne tazarar ƙwayar ido zuwa ƙwayar ido. Daga nan a ɗora takarda mai shara-shara a kan kowane hoto, a kwafi abu huɗu kacal: kwarmin ido, karan hanci, ƙashin kunci da layin muƙamuƙi. Tsoka da fata suna canzawa da shekaru, kumatu su zube, fatar ido ta sauko, amma ƙashi ya fi riƙe siffarsa. Da na ɗora kwafin Baba a kan nawa, muƙamuƙi da karan hanci suka hau juna kamar an tsaga kara. Kwarmin idon kuwa bai hau nasa ba, siffarsa a kwafin Mama take.

Akwai tarko a nan. Madubi yana juya fuska, dama ta koma hagu, hoto kuwa ba ya juyawa. Idan girar uba ta hagu ce ta fi ɗagawa, ɗansa ma haka, a zanen madubi za ta koma ɗaya ɓangaren, sai a ɗauka ba a gada ba. Maganinsa a kifa takardar mai shara-shara kafin a ɗora. Van Gogh, wani mai zane ɗan Holan, kunnensa na hagu ya yanke a Disambar 1888, amma a zanen da ya yi wa kansa a Janairun 1889 bandejin a dama yake, saboda madubi yake kallo. Hoton waya da aka ɗauka dab da fuska shi ma ba abin dogaro ba ne, yana kumbura hanci ya ƙanƙantar da kunnuwa. In dole sai an yi amfani da shi, a ja baya kamar mita biyu.

Wasu kan shigar da iyayen cikin zanen kai tsaye. Frida Kahlo ta Meziko ta yi haka a 1936: ta zana kanta tana ƙaramar yarinya, riƙe da jan ƙyalle da ya haɗa ta da iyayenta da kakanninta huɗu. Ni na fi son su kasance cikin fuska ɗaya, wanda ya san su ya gane su da kansa.

Da la'asar hasken tagar ya juya, inuwar hanci ta koma wani wuri, sai na dakata da inuwa. Abin da aka samu kafin nan ya yi kyau. Fata mai duhu ba a danne ta da 6B gaba ɗaya, in an yi haka siffa ta ɓace, takarda ta ɗauki ƙyalli. Ana shimfiɗa 2B a hankali, hawa kan hawa, sannan a ɗebe haske da tsinin magogi a goshi, karan hanci da leɓen ƙasa. A gefen muƙamuƙin da ke inuwa a bar siririn haske, wanda ke dawowa daga bango ko riga, shi ke raba fuska da wuya. Farin ido ma ba a barin sa fari fat, a ɗan shafa masa 2H, in ba haka ba mutum ya fito a firgice. Kunnen dama da gashi sai gobe da hantsi, lokacin da hasken zai dawo inda yake ɗazu.