Sabon mai lasisin rediyo, eriya za ka fara gyarawa

Ƙanena, in lasisinka na rediyon sha'awa, wanda mutane ke hira da juna ta iska, ya fito aka ba ka lambar kira mai farawa da 5N, ko 5U in a Nijar kake, kada ka yi gaggawar da na yi. Ni kasuwa na ruga na sayo oba-oba ƙirar Baofeng, na hau soro ina ta kiran CQ, wato kiran neman duk mai ji ya amsa, ko tari babu wanda ya yi. Ashe zangon mita 2, wato 144 zuwa 146 MHz, kusan iya hangen eriya yake tafiya, masu wannan sha'awa kuwa ba su da yawa a garuruwanmu.

In nesa kake so, gajeren zango za ka nufa, wanda iyayenmu suke kama BBC da shi. Zangon mita 20 ya fi buɗewa da rana, na mita 40 kuma sai dare ya yi.

A nan na tafka babbar wauta. Na tara kuɗi na sayi na'ura mai wat 100, eriya kuwa guntuwar waya na rataya a bishiyar darbejiya ban auna ba. Na danna magana, ƙarfin da ya kamata ya fita iska ya dawo cikin na'urar ya ƙona ta. Alhali lissafin ba shi da wuya: raba 143 da lambar MHz ɗin da kake so. A 14.2, da ke cikin zangon mita 20, za ka samu tsawon waya kusan mita 10, sai ka raba wayar biyu, mita 5 kowane gefe, kebul ya shiga ta tsakiya. Yanke ta da ɗan rara, don ragewa ta fi ƙari sauƙi. Ka ɗaga ta sama iya ƙarfinka, ka nemi ma'aunin SWR, mai nuna yawan ƙarfin da ke dawowa daga eriya, ko na aro ne, kada ka yi magana sai allurar ta sauka ƙasa da 2.

Ƙarar shuuu da ke cika maka kunne, sau da yawa daga gidanka take: inbata, cajar waya mai araha, fitilun LED. Kashe wutar gidan, ka jona da batir, ka ji bambanci. Amma in magana za ka yi, batirin babur ba zai yi ba, na'urar wat 100 takan ja kusan amp 20.

Da hadari ya haɗo, zare kebul ɗin eriya. Haka ma a hunturu in ba ka aiki, busasshiyar iska na tara caji a kan waya.

Ka yi ta sauraro kafin ka sa baki, ka ji yadda manya ke karɓar juna. Lokacin da za ka rubuta a littafinka na ajiye bayanin kira na UTC ne, wato agogon duniya, awa ɗaya baya da agogonmu.

Sannan a halin tsaron da ake ciki, oba-oba a hannun saurayi abin zargi ce. Kada kwafin lasisinka ya bar aljihunka, kuma ka je ka gaida mai unguwa ka yi masa bayani kafin ka kafa dogon ƙarfe a kan gida.