Mutuwar Fatar Fuska da Tsikari: Daga Ina Suke Fitowa?

Wani zai ce kuncinsa ya yi dum kamar an yi masa allurar cire haƙori. Wata za ta ce kiyashi ke yawo a leɓenta, ko kuma tsikari take ji kamar ana soka mata tsinke. Duk yadda aka faɗe shi, abu biyu likita ya fi son ji: a ina ne daidai, kuma yaya ya fara. Waɗannan biyun sun fi hoton ƙwaƙwalwa saurin kai mutum ga dalili.

A fara da wanda ba ya jira. Idan ɓarin fuska ya mutu farat ɗaya, tare da karkacewar baki, ko nauyin hannu ko ƙafa a wannan ɓarin, ko harshe ya karye, ko gani ya dushe, to a ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce har sai asibiti ta ce ba ita ba ce. Maganin narkar da gudajin jini yana aiki ne cikin awa huɗu da rabi daga farawar alamun, saboda haka a riƙe lokacin da abin ya fara, a nufi asibitin da ke da na'urar hoton ƙwaƙwalwa ta CT. Kada a ba da asfirin a gida, domin idan jijiya ce ta fashe zai ƙara zubar jinin. Ko da alamun sun wuce cikin minti goma a je a ranar, musamman mai hawan jini ko ciwon suga, don babbar shanyewa tana iya biyo bayan ƙaramar cikin 'yan kwanaki.

Jijiyar da ke ɗauko ji daga fuska ita ce ta biyar cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, likitoci na ce mata tirajeminal. Rassa uku gare ta a kowane ɓari. Na sama yana kula da goshi da fatar ido ta sama da karan hanci. Na tsakiya yana da kunci da leɓen sama da haƙoran sama, na ƙasa kuma leɓen ƙasa da haɓa da haƙoran ƙasa da gaban harshe. Kusurwar muƙamuƙi, can ƙasan kunne, ba tata ba ce, jijiyoyin wuya ne ke kula da wurin. Motsin fuska kuwa aikin jijiya ta bakwai ne. Ita ce ke kumbura a ciwon karkacewar baki da ake yawan jingina wa iska ko shafar aljanu. Mai wannan ciwo yakan ce fuskarsa ta mutu, amma idan aka taɓa da auduga yana ji, nauyi ne kawai. Goshinsa ba ya tattarewa, idon ba ya rufuwa, alhali a shanyewar ɓarin jiki goshi yakan ci gaba da motsi. Maganin prednisolone yana taimakawa idan an fara shi cikin awa 72, kuma dole a riƙa ɗiga wa idon magani a rufe shi da dare don kada ya bushe ya yi gyambo. Kwanakin da ake ɓatawa wajen hayaƙi da shafe-shafe su ne kwanakin da maganin ya fi amfani.

Idan mutuwar ta tsaya a leɓen ƙasa da haɓa na ɓari ɗaya, a fara duba baki. Ruɓaɓɓen haƙori mai ƙurji a saiwa, ko cire turmin haƙori na can ƙarshe, kan taɓa jijiyar da ke ratsa cikin ƙashin muƙamuƙi. Wadda ta biyo bayan cire haƙori yawanci tana warwarewa cikin makonni zuwa 'yan watanni. Masu sikila ma sukan samu mutuwar haɓa lokacin da ciwon ya tashi, saboda jini ya toshe a ƙashin. Amma haɓar da ta mutu haka kawai, ba ciwon haƙori ba sikila, ba abin sakaci ba ce. Tana iya zama alamar ciwon daji a muƙamuƙi, ko wanda ya yaɗu daga nono ko wani wuri, don haka tana buƙatar hoto.

Tsikarin da ya zagaye baki ta ɓangarorin biyu, ya haɗa da yatsu, labarinsa daban ne. Sau da yawa numfashi ne. Mai fargaba yana jan numfashi da sauri bai sani ba, iskar da ya kamata ta zauna a jini ta fice da yawa, sinadarin kalsiyam mai aiki ya ragu na ɗan lokaci, sai leɓe da yatsu su ɗauki tsikari. Shaƙa ta hanci a ƙirga huɗu, fitarwa a hankali a ƙirga shida, na minti biyar, kan kwantar da shi. Irin wannan tsikari ga wanda aka yi wa aikin maƙoƙo kwanan nan kuwa ƙarancin kalsiyam ne na gaske, a koma asibiti nan take.

Akwai masu zuwa su tafi. Ciwon ɓarin kai kan aiko da tsikari da ke tafiya a hankali daga yatsu zuwa leɓe da harshe, ya ɗauki minti biyar zuwa awa ɗaya, sannan ciwon kan ya biyo, wani lokaci ma bai biyo ba. Zafi mai fizga kamar wutar lantarki na 'yan daƙiƙoƙi, wanda wanke fuska ko tauna ko asuwaki ke tayarwa, ciwon jijiya ta biyar ne. Farasitamol ba ya yi masa komai, carbamazepine likita kan rubuta, kuma mutane da yawa sun rasa lafiyayyun haƙora kafin a gano shi. Zugi da tsikari a goshi ɓari ɗaya, bayan kwana biyu ko uku ƙuraje masu ruwa su fito, ƙwayar cutar ƙaranbau ce ta farka. Idan ƙurajen sun kai kan hanci, ido na cikin haɗari, a ga likitan ido.

Sai masu lallaɓowa. Ciwon suga da ƙarancin bitamin B12 sun fi farawa daga ƙafa, amma gwajinsu ba shi da wuya, kuma wanda ya daɗe yana shan maganin suga na metformin B12 ɗinsa kan ragu. Kuturta har yanzu tana nan a ƙasar Hausa. Tabo mai haske da ba ya ƙaiƙayi, ba ya gumi, ba ya jin taɓawar auduga, ba ƙyasbi ba ne sai an tabbatar. Maganinta kyauta ne, wata shida ko wata 12, kuma ana warkewa.

Kafin zuwa asibiti, a ɗauki auduga da tsinken sakace a gwada goshi, kunci da haɓa, dama da hagu, ido a rufe, wani na taɓawa. A zana iyakar wurin a takarda. A rubuta lokacin da yake zuwa, tsawonsa, abin da ake yi a lokacin, da duk maganin da ake sha har na gargajiya da na kemis. Gwajin farko yakan haɗa da awon jini, suga, B12, kalsiyam da duba haƙora. Idan mutuwar ta wuce makonni, ko tana faɗaɗa, ko ta zo da raguwar ji a kunne ɗaya, ganin abu biyu-biyu ko tangaɗi, ana buƙatar hoton ƙwaƙwalwa na MRI da likitan jijiyoyi, irin waɗanda ake samu a asibitocin koyarwa na Kano, Zariya da Sakkwato.

Wasu za a yi musu duk wannan a ce ba a ga komai ba. Hakan na faruwa, kuma ba ya nufin ƙarya suke yi. Abin da ya rage shi ne kare wurin. A gwada zafin shayi ko koko da ɓarin da ke ji, a tauna ta can, a duba cikin kunci a madubi kowane dare ko an cije shi. Kada a gasa fuska da ruwan zafi ko a yi tsaga, fatar da ba ta ji tana ƙonewa mai ita bai sani ba. A guji shan ƙwayoyin bitamin B barkatai, domin B6 idan ya yi yawa na tsawon lokaci shi kansa yana lalata jijiya. A daina yawan tsungulin wurin don a ji ko ya dawo, gwaji sau ɗaya a mako ya isa. A koma wurin likita bayan wata uku da takardar zanen, ko kafin nan idan iyakar ta matsa ko wata sabuwar alama ta ɓullo.