Allurar ba ta cuce ni ba, zaƙi ne ya kwantar da ni

Har yanzu in na tuna sai haushin kaina ya kama ni, domin babu wanda zan ɗora wa laifi. Likitar ta yi aikinta. Mai sayar da saiwa ya auna mini abin da na ce ya auna. Ni ne da hannuna na riƙa dumbuza ina zubawa a tukunya, ina jin daɗin na yi dabara.

Shekara shida ke nan ina zaune a Guwanzu ta ƙasar Chaina, ina yi wa 'yan Kantin Kwari sayayya: shadda, leshi, mayafai, wani lokaci takalma. Aikin namu na kai ne. Lambar kala, yawan yadi, wa ya biya rabi, wa ya ce a dakata sai bayan Sallah, duk a kai suke. Bara sai kan ya fara ba ni kunya. Na loda wa wani Alhaji bandir ɗari biyu na kalar da ya ce kada a kuskura a sa masa, alhali saƙon muryarsa yana cikin wayata, kuma sau biyu na saurare shi. Ga jarrabawar Sinanci ta HSK mataki na 4 da na yi rajista, wadda a lokacin ake son mutum ya riƙe kalmomi 1,200. In haddace ashirin da dare, da safe in tashi kamar an wanke allo. Ni da malaminmu na makarantar allo yake cewa kaina kamar soso ne wajen ɗaukar karatu.

Wani dattijo Basine da ke ɗaure mana kaya a sito ne ya ga ina neman biron da ke maƙale a kunnena, ya yi dariya, ya ce in je asibitin gargajiyarsu. A Chaina wannan ba aikin bayan gida ba ne. Asibiti ne sosai, da kati, da layi, da likitoci masu farar riga waɗanda suka yi jami'a a kan fannin.

Likitar da na samu dattijuwa ce. Ta ɗora yatsu uku a wuyan hannuna na dama, ta yi shiru kamar mai sauraren rediyo, ta koma na hagu. Ta ce in fito da harshe. Sai tambayoyi: yaya cin abinci, yaya bayan gida, ina mafarki da yawa, ƙarfe nawa nake kwanciya. A nan na ɗan yi inda-inda. Tsakanin Guwanzu da Kano awa bakwai ne, lokacin da 'yan kasuwa ke rufe shago da ƙarfe shida su zauna lissafi, ni a wajena ƙarfe ɗaya na dare ya buga. Kafin in gama amsa waya uku ta yi, ga Asuba tana jira. Da na faɗa mata sai ta ajiye biro ta dube ni ta saman tabarau. Ta kuma tambaya ko ina da hawan jini. Na ce lafiyata ƙalau. Ban ce mata mahaifina da Hajiyarmu duka suna shan ƙwayar hawan jini ba, don a ganina ba abin da ta tambaya ke nan ba.

A lissafinsu, ta ce, zuciyata da saifata ne suka yi rauni saboda yawan tunani. Su in sun ce saifa ba tsokar da mahauci ke yankawa suke nufi ba, wani tsari ne na yadda jiki ke mai da abinci ya zama jini da ƙarfi, zuciya kuma ita ce masaukin hankali. Ban yi gardama ba. Mu ma ai da zuciya muke cewa mutum ya riƙe abu.

Allurar da ta ce za ta yi mini, wadda Turawa ke kira akufanca, ita nake tsoro, ita ce kuma ta fi komai sauƙi. Siririya ce kamar gashin wutsiyar doki, kowace a cikin ledarta, a gabanka za a ɓare, in an cire a jefa a kwandon shara. Na cire hula na kwanta. Ɗaya a tsakar ka, wurin da suke kira baihui, a kwance ake shigar da ita ƙarƙashin fata. Huɗu kewaye da ita. Ɗaya tsakanin gira, biyu a wuyan hannu ta ɓangaren ƙaramin yatsa, biyu a ƙasan gwiwa gefen ƙwauri. Na ƙwaurin su ne suke magana: in ta murza sai ka ji wani nauyi mai tsami yana gangarawa har ƙafa, kuma wannan jin shi take nema, sai ka ce ka ji sannan ta bari. Daga nan aka rage fitila, aka bar ni kusan rabin awa, waya tana cikin aljihun rigar da ke rataye. Ban san lokacin da barci ya sace ni ba. Wanda ya taɓa zama gaban wanzami aka yi masa ƙaho, wannan wasan yara ne a wajensa.

Ta rubuta mini zuwa goma, sau biyu a mako, da maganin dafawa na kwana bakwai. Kwana bakwai, a riƙe wannan. Ta ce in dawo ta sake duba harshe da bugun jini ta gyara haɗin. Ta kuma ce waya ta mutu ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ko Sarkin Kano ne yake kira.

Haɗin tsoho ne a wajensu, guipi tang, wanda suke ba mai mantuwa da rashin barci. Akwai citta a ciki, da jan dabinonsu, da ƙwallon wata 'yar'uwar magarya da suke cewa yana sa barci, da saiwoyi da ban san kansu ba, sai kuma gancao, giram shida. Gancao saiwa ce rawaya, a yanke ta fale-fale, in ka tauna zaƙinta ya fi na rake, kuma yana daɗewa a maƙogwaro. Kusan kowane haɗi nasu da ita. A gida nake dafawa a tukunyar ƙasa, ɗakin ya ɗauki wari har maƙwabcina ɗan Mali ya fara yi mini tsiya.

Makonni uku na farko na bi doka. Ta canza haɗin sau biyu. Kuma wallahi na ga canji: ina tashi da safe kaina sakayau, kalmomi suna zama, na daina buɗe firiji in tsaya ina tunanin me ya kawo ni. Sai kakar kaya ta zo, layin asibiti ya fara yi mini tsawo, sai shaiɗan ya raɗa mini cewa ai takardar tana hannuna. Na ɗauke ta na nufi kasuwar Qingping, wadda duk saiwa da ganye da busasshen abin da Allah ya halitta akwai shi a buhu. Aka haɗa mini na wata guda a kuɗin da bai kai rabin na asibiti ba. Na fito ina yi wa kaina kirari.

Da a nan na tsaya, da sauƙi. Maganin yana da ɗaci, ba kamar maɗaci ba amma yana tayar da zuciya. Na lura gancao ce ke kashe ɗacin, sai na sayi rabin kilo daban. Kullum in ƙara dumbuza ɗaya a tukunya. Da na ga ta yi daɗi sai na fara jiƙa ta a fulas ina kurɓa a shago maimakon shayi, har ina ba baƙi, ina ce musu maganin ƙwaƙwalwa ne. Littafin ƙa'idar magungunansu ya tsayar da ita tsakanin giram 2 zuwa 10 a rana. Daga baya na ɗora dumbuzata a sikelin da muke auna samfur, ta haura giram talatin, ban da ta fulas.

Jiki ya yi ta ba ni labari ina toshe kunne. Takalmi ya fara matse ni, na ce zafin Guwanzu ne. Ciwon kai ta ƙeya, na ce karatu ne. Ƙafafuna suka riƙa yin sanyi in ina hawa matakalar jirgin ƙasa, na ce tsufa ne ya fara sallama. Uwargida ta gan ni a kiran bidiyo ta ce, "Maigida, fuskarka fa ta kumbura." Na ce mata hutu ne. Saura kwana huɗu jarrabawa, na sunkuya ruku'u a sallar Magariba, na kasa ɗagowa. Cinyoyina suka ƙi, zuciyata tana bugawa tana tsallake. Ɗan Malin nan da ke yi mini tsiya shi ya saɓa ni zuwa tasi.

Jinina ya hau 178 bisa 108. Sinadarin fotasiyam, wanda ya kamata ya kasance tsakanin 3.5 da 5, nawa ya sauka 2.7. Matashin likitan da ya karɓe ni bai ɓata lokaci ba, tambayarsa ta biyu ita ce ko ina shan maganin gargajiya, ta uku ko akwai gancao. Ashe abu ne sananne a wajensu. Akwai wani sinadari a saiwar da ke sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa ta zubar da fotasiyam, jini ya hau, tsoka ta mutu, bugun zuciya ya rikice. Kwana uku na yi ana ƙara mini ruwa, jarrabawa ta wuce ina kwance ina kallon silin. Kuɗin asibitin ya ninka abin da na yi tattali a Qingping sau ban san adadi ba, don na ƙi lissafawa. Jinin kuma sai da ya ɗauki makonni kafin ya sauko.

Na koma wajen dattijuwar da ledar a hannu kamar yaron da aka kama da satar nama. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta buɗe ledar, ta rufe, ta ce haɗin da ta rubuta na mutumin da ta gani ne a wancan makon, ba na wanda zai zama bayan wata biyu ba. Da na faɗa mata maganar iyayena sai ta ce da ta sani tun farko da ta riƙa auna jinina kowane zuwa.

Masu tambayata ko allurar tana ƙara ƙwaƙwalwa, ga iya gaskiyata. Na samu sauƙi, amma a makonnin da na samu sauƙin abu uku na yi a tare: allura, magani, da barcin awa bakwai wanda rabona da shi tun zuwana ƙasar. Da na koma amsa waya har ƙarfe uku, mantuwar ta dawo, alhali ina tsaka da kwankwaɗar gancao. Ni dai zargina ya fi karkata ga barcin. Masu bincike ma sun fi samun hujjar allura a kan ciwon baya, ciwon kai da tashin zuciya, a kan ƙwaƙwalwa hujjar ba ta yi ƙwari ba. Ganyen ginkgo da ake cika shaguna da shi da sunan maganin mantuwa, an gwada shi a Amurka a kan tsofaffi sama da 3,000, sakamakon ya fito a 2008, bai hana su cutar mantuwa ba. Yana kuma iya tsinka jini, mai shan asfirin ya yi hattara. Duk da haka ban raina maganinsu ba. Maganin zazzaɓin cizon sauron da muke sha a gida daga ganyensu wata masaniyarsu mai suna Tu Youyou ta fitar da shi, har ta samu kyautar Nobel a 2015. Abin da yake da ƙarfin warkarwa ai yana da ƙarfin kayarwa, ni kuwa na ɗauke shi kamar zoɓo.

Musulmi kuma ya tambayi abin da ke cikin haɗi kafin ya sha. Wasu saiwoyin da giyar shinkafa ake sarrafa su, wasu haɗin da sassan dabbobi. Akwai ejiao, wanda ake dafawa daga fatar jaki, shi ne ya sa jakunanmu suka yi tsada har Nijar ta hana fitar da su a 2016. Ni na tambayi wannan tun ranar farko, na yi ta bin diddigin halal da haram, amma ban taɓa tambayar nawa ne ya yi yawa ba.

Na sake zama jarrabawar bayan wata huɗu, na samu 214 cikin 300, ana cin ta da 180. Har yanzu ina zuwa allura sau biyu a wata, ko ba komai rabin awar nan babu mai iya kirana. Na sayi na'urar auna jini, tana kusa da dadduma. Makon jiya Alhajin da na ɓata wa kaya ya ji labari, ya kira ni ya ce, "Ɗana, turo mini hoton takardar nan, ni ma kan ya fara zuba." Na ce, "Alhaji, a yi mini afuwa, takardar ta ɓata." Tana nan cikin fasfo ɗina. Ragowar gancao kuwa tana saman firiji a ɗaure, na kasa zubarwa don da kuɗina na saya, na kuma kasa ba kowa.