Tsuntsayen da suke bin jirgin Kawu

Tawa, Alhamis da dare

Hazo ya rufe gari tun safe, yara rabinsu na tari a aji, darasi bai yi armashi ba. Bayan la'asar na tafi gaida Kawu, wanda ya dawo daga Nuwadibu ta Muritaniya, inda yake aiki a jirgin kamun kifi. Mutanenmu sun saba da cin rani a Abijan da Libiya, shi kuwa teku ya zaɓa. Na tarar ya ɗora shayi.

Ana cikin hira ya ce, "Ɗana, kai da kake koyar da ilimin halittu, wane irin tsuntsu ne ba ya sauka ƙasa, ba ya neman ruwan daɗi?" Ya ce suna bin jirginsu kwana da kwanaki, fukafukai a miƙe ba kaɗawa, su karkata nan su karkata can har bakin fiffike ya kusa taɓa ruwa. Akwai kuma ƙanana baƙaƙe masu taka ruwa da ƙafa suna tsintar abinci.

Na ce, "Kawu, kun ga fetirel da ƴan'uwansa pufan ke nan." Raina ya yi fari, don ni a littafi kawai na san su. Na tambayi Kawu ko sun lura da hancin tsuntsayen. Ya ce ƙwarai, wasu ƴan bututu ne kwance a kan baki, kullum suna ɗiga. Abin da ke ɗigar nan gishiri ne. Ruwan teku suke sha, wasu ƙullutu a saman idanu su tace gishirin su fitar da shi ta hanci. Da hancin nan kuma suke shinshino inda abinci yake a tsakiyar ruwan da ba shi da alama ko ɗaya. Gaɓar Muritaniya da Senegal na tara su ne saboda ruwan sanyi da ke tasowa daga ƙasan teku, ya kawo abincin ƙananan kifaye.

Sai Kawu ya faɗi abin da ya tsaya mini a rai. Ya ce idan an saki doguwar igiya mai ƙugiyoyi, tsuntsayen kan faɗa wa abincin da aka maƙala, ƙugiya ta kama su, igiya ta nutse da su. Da dare kuma fitilun jirgi na ruɗa su, su faɗo kan dakalin jirgi suna aman wani mai mai ƙarni. "Ai suna da yawa," in ji shi.

Yawan nan ne ke yaudarar ido. Ƙwai ɗaya tak macen ke yi a shekara, in ya lalace shi ke nan sai baɗi. Na ba shi misali da pufan ɗin da ke haihuwa cikin ramuka a tsibiran Sikoma da Sikokom na yankin Wales a Birtaniya. Sai ya kai shekara 5 ko 6 kafin ya fara haihuwa. Miji da mata su yi ta karɓa-karɓar kwanci kusan kwana 50, su ciyar da ɗan sama da wata 2, da dare kawai suke zuwa ramin don tsoron masu farautarsu. Daga nan su tafi su bar shi. Ɗan ya fito cikin duhu shi kaɗai, ya nufi tekun Barazil da Ajantina, ba wanda ya nuna masa hanya. A 1952 an ɗauki ɗaya a jirgin sama zuwa Boston ta Amurka aka sake shi, ya dawo raminsa cikin kwana 12 da rabi, tafiyar sama da kilomita 5,000. Wani da aka sa wa zobe a ƙafa a 1957 an sake kama shi da ransa ya haura shekara 50. Tsuntsun bai kai rabin kilo ba fa. To idan ƙugiya ta kashe uwa guda, ɗan da ke rami ma ba zai kai labari ba, kuma an yi asarar ƙwan shekaru masu yawa.

Kawu ya yi shiru yana juya shayi, can ya ce, "Ashe kamar shamuwa ne, gidansa bai ɓace masa." Shamuwa kam a garinmu ba yaron da zai jefe ta bai sha faɗa ba. Waɗannan ba su da mai tsawatarwa a kansu, don inda suke mutuwa ba kowa sai ma'aikatan jirgi, su kuma ta cikinsu suke yi. Ban ga laifinsu ba, aikin ba wasa ba ne.

Maganin kuwa ba tsada gare shi ba. Ana ɗaura wa igiya nauyi ta nutse da sauri, ana rataya dogayen tsummoki a bayan jirgi su kore tsuntsaye, ana sakin ƙugiya da dare tare da rage fitila. A tsibiran Azores na ƙasar Fotugal mutanen gari kan tsinci ƴaƴan da fitilun titi suka kayar, su sa su a kwali su kwana, da safe a sake su a bakin teku. Kawu ya ce maganar igiya da fitila ta mai jirgi ce, ba a tambayar lebura, amma kwali ba ya gagara, zai gwada idan ya koma bayan Salla.

An kira magariba muka tashi. Ya yi mini alkawarin zuwa ajina ranar Litinin ya ba yara labarin da bakinsa, sai dai in fara neman izinin shugaban makaranta gobe da safe.